Shuɗi: kalar da ta fi ba ɗan Adam wahala kafin ya kama ta

Shuɗi, ko bulu kamar yanda yawancinmu muke cewa yanzu, ɗaya ne daga cikin launukan da idon mutum yake gani, a jikin bakan gizo yana tsakanin kore da shunayya. Masu ilimin haske suna auna shi da tsawon zango, daga nanomita 450 zuwa wajen 495, wato yana cikin masu gajeren zango, ja kuma shi ne mai dogo. Wannan bayanin aji kenan. Labarinsa a hannun mutane ya fi haka nisa, dan babu kalar da ta cika mana ido kamar ta, ka ɗaga kai sama ita ce, ka je bakin teku ita ce, amma kuma babu wadda ta ƙi kamuwa a hannu irinta. Mutanen farko sun samu ja daga jar ƙasa, baƙi daga gawayi, fari daga alli, rawaya ma akwai ƙasarta. Zanen dawakai da shanu da ke kogon Lascaux a Faransa ya kai shekara 17,000, duk waɗannan kalolin suna ciki amma babu ɗigon shuɗi ko ɗaya. Sai da aka haƙa duwatsu, aka hura wuta, aka jiƙa ganye har ya ruɓe, tukunna aka same shi.

Sunan ma rigima ne

A 1858 William Gladstone, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, ya lura cewa a tsoffin waƙoƙin Girkawa na Homer ba a kiran teku shuɗi, sai dai a ce kalarsa irin ta giyar inabi ce, har ya ɗauka wai idon Girkawan dā ne bai gama buɗewa ba. Idonsu lafiya lau, kalmar ce ba ta zauna ba tukunna. A 1969 wasu masana harshe biyu a Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, suka bi harsuna da yawa suka ga kusan ko'ina tsarin ɗaya ne: ana fara raɗa wa baƙi da fari suna, sai ja, sai kore ko rawaya, shuɗi sai daga baya. Har gobe Japanawa suna kiran koriyar fitilar titi da kalmar "ao" wadda ita ce kuma shuɗi, Rashawa kuwa kalma biyu gare su daban-daban, ɗaya ta mai haske ɗaya ta mai duhu. A Larabcin Sudan "azraƙ" yana ɗaukar ma'anar abu mai duhu sosai.

Mu ma haka ne idan ka duba. Tsofaffi zanen da ya sha rini ya ƙoshi baƙi suke ce masa, alhali shuɗi ne mai duhu. Yau kuma idan mace ta je siyan shadda sai ka ji tana cewa ruwan bula, ko ruwan omo, ko kalar sararin samaniya, kowanne dai sai an jingina shi da wani abu. Ga kuma kalmar nan "masu hannu da shuni" da ake faɗa wa attajirai, kowa na amfani da ita a rediyo da jarida ba tare da ya tuna cewa shuni ɗin nan kayan rini ba ne.

Abin da ya sa yake da wuya

Shuɗin da muke gani a halitta yawancinsa wasan haske ne, babu wani sinadari mai kalar a wurin. Sama tana yin shuɗi ne saboda ƙwayoyin iska sun fi warwatsa haske mai gajeren zango, masanin Birtaniya Lord Rayleigh ya yi lissafin wannan a 1871. Gashin dawisu idan ka niƙa shi ya zama gari kalar tafiya take yi ya bar ka da abu mai ruwan ƙasa, saboda wasu ƙananan layuka ne a jere a jikin gashin suke mayar da shuɗin haske kaɗai zuwa idonka, da ka rushe jerin shi kenan. Haka fukafukin malam-buɗe-littafin Morpho na dazukan Kudancin Amurka, haka idon Turawa masu shuɗin ido, babu wani shuɗin abu a cikin ƙwayar idon. To kaga mai zane ba zai iya tatsar kala daga waɗannan ba, dole ya nemi abin da shi kansa shuɗi ne ko an daka shi ko an jiƙa shi, kuma irin wannan a doron ƙasa ƙalilan ne.

Dutsen Badakhshan

Mafi shahara a cikinsu shi ne dutsen da Larabawa da Farisawa suke kira lazaward, Turawa kuma lapis lazuli. Sama da shekara 6,000 ana haƙo shi a Sar-i Sang, cikin kwarin kogin Kokcha a lardin Badakhshan na Afganistan, wuri mai tsauni da sanyi wanda ko yanzu zuwa can aiki ne. Yanda ake yi a dā, a hura wuta a jikin dutsen har ya yi zafi sannan a watsa masa ruwan sanyi ya tsage. Daga nan fatake suka riƙa kai shi har birnin Ur a Iraƙi ta yau, inda aka tono shi a kaburburan sarakuna na wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har Masar, inda aka yi girar fuskar zinaren nan ta Fir'auna Tutankhamun da shi, wadda Howard Carter ya gano kabarin mai ita a 1922.

Yin ado da dutsen daban, mayar da shi fenti daban. Idan ka daka shi kawai toka-toka yake komawa saboda akwai wasu ma'adanai a gauraye. Wani mai zane ɗan Italiya, Cennino Cennini, ya rubuta dabarar wajen shekarar 1400: a niƙa dutsen, a kwaɓa garin da ƙaron itace da kakin zuma ya zama kamar ƙullu, a ajiye shi kwanaki, sannan a riƙa murza shi cikin ruwan toka, sai ƙwayoyin shuɗin su riƙa zubowa suna kwanciya a ƙasan kwano dattin ya maƙale a ƙullun. Murzar farko ita ce mai daraja, ta ƙarshe kuma dishi-dishi. Turawa suka sa masa suna ultramarine, ma'ana abin da ya zo daga ƙetaren teku, ta Venis yake shigowa, kuma akwai lokacin da ya fi zinare tsada. Mai kuɗin da ya ba da aikin zane har a takardar yarjejeniya yake rubuta yawan wanda za a sa, kuma galibi rigar Nana Maryam ake ware wa shi.

Wani abin da ya burge ni a nan ya fito ne a 2019. Masu bincike suna duba haƙoran wata mata da aka binne a wani ƙaramin gidan ibada na mata a Dalheim, Jamus, wadda ta rayu tsakanin 997 da 1162, su abincin da take ci suke nema a cikin dattin da ya daskare a haƙoranta, sai ga ƙwayoyin lazaward sama da 100. Bayanin da ya fi zama shi ne mai ƙawata littattafai ce, tana lasar bakin burushi dan ya yi tsini. Babu wanda ya san sunanta, gidan ibadar ma gobara ta cinye shi tuntuni, amma dutsen Afganistan da ke bakinta ya nuna cewa gwana ce da har ake damƙa mata fenti mafi tsada a zamaninta.

Masarawa sun dafa nasu

Masarawa suna son lazaward amma yana zuwa daga nesa da tsada, sai suka zauna suka ƙirƙiro nasu, suka kuma kira shi da sunan da ke nufin lazaward na haɗi. Wannan shi ne fenti na farko a tarihi da mutum ya haɗa da hannunsa, wanda ba tsinto shi ya yi ba. Alamarsa mafi daɗewa tana jikin wani kwanon dutse na wajen 3250 kafin haihuwar Annabi Isa, zuwa zamanin da ake gina dalar Giza kuwa ya riga ya zama ruwan dare. Kayan haɗin duk mun san su: yashi, farar ƙasa, jan ƙarfe ko tarkacen tagulla, sai kanwa da suke ɗebowa a Wadi Natrun, ita wannan kanwar dai irin wadda ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi. A haɗa a dafa a zafin digiri 850 zuwa 1,000 na tsawon awanni masu yawa. Nan gwanintar take, dan idan wutar ta yi ƙasa abin ba ya haɗuwa, idan ta yi yawa sai ya narke ya zama koren gilashi, su kuma ba su da ma'aunin zafi, da ido da sabo suke riƙe wutar. Sun kuma gane cewa idan aka bar garin da tsakuwa-tsakuwa kalar tana yin duhu, idan aka niƙa shi lukwi tana yin haske, dan haka daga dahuwa ɗaya suna fitar da kala iri-iri. Shuɗiyar hular da ke kan mutum-mutumin sarauniya Nefertiti da ke Berlin da shi aka shafe ta.

Sana'ar ta bazu har Girka da Rum. Wani magini ɗan Rum, Vitruvius, ya rubuta a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa cewa ana niƙa yashi da kanwa, a zuba garin jan ƙarfe, a mulmula da hannu ƙwallo-ƙwallo, a shanya, a zuba a tukunyar ƙasa a sa a wuta, ya ma ambaci wani Vestorius da ya kafa masana'antarsa a Puteoli kusa da Naples. Sai dai bai ambaci farar ƙasa ba, wataƙila dan yashin da suke amfani da shi dama yana ɗauke da ita ba su sani ba. Bayan daular Rum ta rushe sai sana'ar ta riƙa ja da baya har ta ɓace, abin da aka yi shekara sama da 3,000 ana yi. Sai a 1815 masanin sinadarai na Birtaniya Humphry Davy ya yi nazarin wasu dunƙule da aka tono a kangon Rum, sannan a 1889 Bafaranshe Ferdinand Fouqué ya tantance ainihin sinadaran.

Baba da shuni

Duk wancan na bango ne da katako. Na tufafi daga ganye yake fitowa, kuma abin mamaki mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba duk sun gano shi. Ƙyallen auduga mafi daɗewa da aka rina da shuni an same shi ne a Huaca Prieta a gaɓar tekun Peru, ya kai shekara 6,000. Indiya ta yi suna a kansa har Turawa suka samo sunan indigo daga sunan ƙasar, Japanawa suna da nasu tsiron, Turai ma da nata, mu kuma baba da talaki.

Ganyen baba kore ne shar, babu shuɗi a jikinsa. Akwai dai wani sinadari marar kala a ciki wanda sai ganyen ya jiƙu ya ruɓe sannan ya sha iska yake juyewa ya zama shuni. Matsalar kuma shuni ba ya narkewa a ruwa, abin da bai narke ba kuwa ba zai shiga zare ba. Aikin rijiyar marina kenan. Ana zuba baba da toka da katsi a bar su kwanaki, ƙananan halittun da ke cikin ruwan su cinye iskar da ke ciki, ruwan tokar kuma ya ba shi kaifi, sai shunin ya sake kama ya narke ya koma kore-kore mai ɗan rawaya. Marini yana gane ruwa ya nuna daga warinsa da kumfar da ta taso a kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga wannan da idonsa: mutum na zaune a bakin rami ya tsoma farin yadi ya juya shi a hankali cikin ruwan, ya ɗago shi yana ɗiga, a lokacin kalarsa kamar ta ɗanyen ganye, yana riƙe da shi a iska kana kallo gefe-gefen ya fara duhu, kafin minti ɗaya ko biyu duk ya rikiɗe ya zama shuɗi. Sai ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, kowane zagaye kalar na ƙara zama, mai son baƙi sosai sai an yi ta yi na awanni. Hannun marinin kuwa har gwiwar hannu ya rine, farcensa ko ya wanke ba ya fita.

Ana cewa marinar Ƙofar Mata tun 1498 take. Babu abin da ake zubarwa a sana'ar, katsin da ya kwanta a ƙasan rami ana kwashe shi a ƙona a sake amfani da shi, magina kuma suna haɗa laso da shi. Daga marina sai mabuga, inda ake shimfiɗa yadi a kan gungume a yi ta bugu da ƙatuwar tabarya har ya yi santsi. Kura ta yi fice wajen turkuɗi, wanda ake bugawa da garin shuni har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe, shi Buzaye suke naɗawa, yana kuma zuba a fatar mai shi, abin da ya sa Turawa suke ce musu shuɗɗan mutane. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa Timbuktu da Ghat da Murzuk har Tarabulus.

Ba tufafi kaɗai aka rina da shi ba. Akwai wani mus'hafi da ake kira Shuɗin Alƙur'ani, na ƙarni na 9 ko na 10, wanda aka rina fatar da aka yi rubutun a kai ta yi shuɗi mai duhu sannan aka rubuta ayoyin da ruwan zinare cikin rubutun Kufi, mafi yawan shafukan da suka rage suna Tunisiya, sauran sun warwatsu a gidajen tarihi na duniya. Mutanen Maya na Meziko da Guatemala su kuma suka haɗa shuni da wani irin yumɓu suka ɗan gasa, shunin ya shige cikin ƙananan ramukan yumɓun ya zauna daram, sai ga fentin da ruwan sama da rana da asid duk ba sa cin sa. Zanen bangon Bonampak na wajen shekarar 790 har yanzu shuɗinsa na nan a tsakiyar daji mai laima.

Ƙarshen cinikin ya zo ne daga Jamus. Adolf von Baeyer ya gano tsarin sinadarin shuni a 1883, kamfanin BASF ya fara sayar da na masana'anta a 1897, kafin 1914 noman baba na Indiya ya durƙushe. Manoman can dama ba daɗinsa suke ji ba, Turawan gona tilasta musu shuka shi suke yi a madadin abinci, sun yi bore a Bengal a 1859, kuma gwagwarmayar Gandhi ta farko a Indiya, a Champaran a 1917, a kan wannan zaluncin ce. Yau kusan duk wandon jins da ke duniya da shunin masana'anta aka rina shi. A Ƙofar Mata kuwa ramuka da yawa sun bushe, wasu sun cika da shara, kuma ni abin da ya fi damuna ilimin gane ruwa ne, dan wannan ba ya rubutuwa, a hanci da idon marini yake, kamar dai yanda riƙon wuta yake a idon Bamasaren can.

Kuskuren Berlin

Wajen 1706 wani mai haɗa fenti a Berlin, Johann Jacob Diesbach, yana ƙoƙarin yin ja, sai tokar da yake amfani da ita ta ƙare ya aro a wurin wani mai harhaɗa magunguna, Johann Konrad Dippel. Ashe tokar ta gauraya da jinin dabbobi. Maimakon ja sai tukunyar ta ba shi shuɗi mai duhu. Wannan shi ne shuɗin Prussia, mai arha kuma mai ƙarfi, ya bazu Turai ya kai har Japan, inda Hokusai ya yi shahararren zanensa na igiyar teku da shi wajen 1831. A 1842 masanin Birtaniya John Herschel ya gano yanda za a shafa wa takarda sinadarin ƙarfe a sa ta a rana ta fito da hoto da wannan kalar, shekara ɗaya bayan haka Anna Atkins ta fara fitar da littafin tsirran teku da wannan dabarar, wanda ake ɗauka shi ne littafi na farko mai hotuna na ɗauka. Tsoffin taswirar gini masu shuɗiyar takarda da farin layi ma daga nan suka samo asali.

Kuma magani ne. Idan gubar taliyam ko siziyam mai tururin nukiliya ta shiga cikin mutum, ana ba shi shuɗin Prussia ya haɗiya, sai ya kama gubar a hanji su fita tare. A 1987 a garin Goiânia na Barazil wasu 'yan jari-bola suka kwance wata na'urar gasa cutar daji da aka bari a wani asibiti da ya tashi, suka fasa suka tarar da garin siziyam yana ƙyalli shuɗi a duhu, aka yi ta nuna wa 'yan uwa da maƙwabta har da yara, mutum 4 suka mutu, sama da 200 gubar ta taɓa su, kuma da wannan fentin aka yi wa da yawansu magani.

Daga zinare zuwa bula

A 1824 wata ƙungiyar bunƙasa masana'antu a Faransa ta sa kyautar faran 6,000 ga duk wanda ya haɗa ultramarine ba tare da dutsen Afganistan ba. Jean-Baptiste Guimet ya karɓe ta a 1828, a daidai lokacin da Christian Gmelin a Jamus shi ma ya gano tasa hanyar. Farin yumɓu ne da soda da farar wuta da gawayi ake gasawa. Farashin ya faɗi warwas, har ta kai abin da sarakuna suke rubutawa a yarjejeniya ya koma kayan wanki. Bular nan da mai wanki da guga yake jiƙawa a bokiti ya tsoma farar shadda ko kayan makaranta a ɗaurayar ƙarshe, ita ce. Farin yadi idan ya tsufa yana ja zuwa rawaya, ɗan shuɗin sai ya kashe rawayar ido ya ga fari tas, idan kuma hannu ya zarce kowa ya san yanda rigar take fitowa.

Wannan garin dai shi Yves Klein, mai zane ɗan garin Nice a Faransa, ya kamu da sonsa. Damuwarsa ita ce garin yana da kyau matuƙa idan yana busasshe, amma da an kwaɓa shi da mai sai ya dushe. Shi da wani mai shagon fenti a Paris, Édouard Adam, suka samo wani ƙaron roba da yake riƙe garin a jikin allo ba tare da ya kashe shi ba. A 1957 a Milan ya baje alluna 11 girma ɗaya, kowanne shuɗi zalla babu zanen komai a kai. A 1960 ya yi wa haɗin rajista da sunan International Klein Blue, a 1962 ya rasu yana da shekara 34. Mutane da yawa suna cewa wannan ai ba zane ba ne, kowa ma zai iya, ni kuma ina ganin ya tsaya ne a kan abin da masu zanen dā suka sani, cewa kalar ita kanta abin kallo ce. Kuma hanyar haɗin kawai ya yi wa rajista, bai hana kowa taɓa shuɗi ba. Wanda ya yi hanin shi ne Anish Kapoor, da ya karɓi izinin zama shi kaɗai mai fasahar da zai yi aiki da Vantablack, baƙin da wani kamfanin Ingila ya fitar a 2014 mai shanye sama da kashi 99.9 cikin 100 na haske. Abin ya fusata masu zane a 2016, har Stuart Semple ya haɗa wata hoda mai ruwan hoda ya ce kowa ya siya banda Kapoor.

Fitila, da sabon shuɗi

A ɓangaren lantarki ma shuɗi ne ya zo a ƙarshe. An samu jar fitilar LED tun 1962, kore ta biyo baya, shuɗiya kuwa ta gagari manyan kamfanoni kusan shekara 30, kuma idan babu ita babu farin haske. Isamu Akasaki da ɗalibinsa Hiroshi Amano a Jami'ar Nagoya suka nace a kan wani sinadari, galiyam naitirayid, wanda yawancin masana suka haƙura da shi, Shuji Nakamura kuma yana wani ƙaramin kamfani mai suna Nichia yana gyara injinan gwajinsa da hannunsa, a 1993 ya fitar da shuɗiyar fitila mai haske sosai. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Tukwicin da kamfanin ya ba Nakamura a lokacin yen 20,000 ne, bai kai dala 200 ba, ya kai ƙara kotu, a 2005 aka sasanta a kan yen miliyan 840. Tocilar wayarka da ƙwan sola da mai shayi yake ratayawa a teburinsa duk shuɗiyar fitila ce aka shafa mata wani abu mai ruwan ƙwai a kai, haɗuwar biyun ke ba da fari, ka duba ƙwan idan yana kashe za ka ga ɗigon rawayan.

A 2009 kuma a Jami'ar Jihar Oregon a Amurka, Farfesa Mas Subramanian da ɗalibinsa Andrew Smith suna neman wani abu daban na kayan lantarki, suka gasa haɗin itiriyam da indiyam da manganis a zafin da ya haura digiri 1,000, ɗalibin ya buɗe murhu ya ciro gari shuɗi shar. Suka sa masa YInMn daga haruffan sinadaran. Ana yawan cewa rabon da a samu sabon shuɗin ma'adani irin wannan tun na kobal da Bafaranshe Thénard ya haɗa a 1802. Ba ya koɗewa, ba shi da guba irin ta wasu, yana kuma mayar da zafin rana baya, illarsa dai tsada saboda indiyam.

Shi kuwa tsohon shuɗin Masar ashe akwai abin da masu shi ba su taɓa sani ba. Idan aka haska shi yana fitar da wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, dangin wanda rimot ɗin talabijin yake aikawa, kyamara ta musamman ce kaɗai take kama shi. Masu bincike a Jami'ar Curtin ta Ostareliya sun gwada garinsa wajen ɗaukar zanen yatsa a kan abubuwa masu ado da yawa kamar kuɗin leda irin naira ashirin ɗinmu, inda hodar 'yan sanda ta yau da kullum take ɓacewa cikin zanen. A 2009 Giovanni Verri na Gidan Tarihin Birtaniya ya haska gumakan marmara da aka kwaso daga ginin Parthenon na Athens, wanda aka gina tsakanin 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa, gumakan da aka yi ɗaruruwan shekaru ana koyar da ɗalibai cewa farare ne tun asali. A ido babu komai sai farin dutse da ya sha iska da ruwa. A allon kyamarar kuwa ɗamarar da ke ƙugun gunkin Iris ta fito da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli, ragowar fentin da wani ya shafa da burushi shekara sama da 2,400 da suka wuce.